Gwangwani Huɗu a Bayan Ɗaki

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ciwon bayan Baba bai sake shi ba, ko sunkuyawa ba ya iyawa. Ciyawa tana neman cinye gonar wake. Mai shago ya ce a haɗa maganin ciyawa na jar kwalba da na farar kwalba, wai ya fi ƙarfi. Inna ta ce in magani bai yi ba, sai in bar makaranta in yi noman. Ban ce komai ba. Ke da kike aiki a wurin gwajin shuka, yaya za mu yi?

Ƙanwarki, Auta

Auta sarkin shiru,

Ina gaishe ku duka. Kada ku fesa tukuna! Wani haɗin har waken yake kashewa. Ki tono wake da ciyawarsa da ƙasarsa, ki sa a gwangwani huɗu. Ɗaya ki fesa masa ja, ɗaya fari, ɗaya haɗin, na huɗu ruwa zalla, don da shi za ki gane aikin sauran. Kullum ki auna tsayinsu da rula, har kwana goma. Kada kowa ya taɓa.

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. A kwana na uku na dawo daga makaranta na tarar da Baba a kan tabarma, gwangwanayen a gabansa, ya tsige ciyawar kaf. Na ce, "Baba, ta gwaji ce fa." Ya ce, "Wane gwaji? Manomi ya ga ciyawa ya wuce? Iyakar gonar da nake iya nomewa ke nan, Auta."

Yau kwana takwas. Waken haɗin ya yi rawaya, bai ƙaru ba. Sauran sun ƙaru. Amma tsakanin ja da fari, ban san wanda ke kashe ciyawar ba. Na gaji, Yaya.

Auta

Auta,

Sannu. Kai, Baba! Rabin amsa dai kin samu: kada a haɗa. Ki sake gwadawa, ki ɗora su inda hannunsa ba zai kai ba. Kwana goma ne kacal.

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Gonar ba za ta jira kwana goma ba. Jiya na gaya wa malamarmu ba zan koma makaranta ba sai bayan an cire wake. Ta tambaye ni ko zan dawo da gaske. Na ce e, ina kallon ƙasa.

Ki huta lafiya.

Auta