Muryar Cikin Kabad

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma Yaya ya ja ni wurin aikinsa. Wai in riƙe masa farin kwali in riƙa haska fuskar mutane. Tun da na gama firamare kowa a gidan nan ya ɗauka ba ni da abin yi. Shi Yaya bidiyon talla yake ɗaukar wa masu shago da wayarsa, su sa a intanet. Na yau shagon labule ne, ƙato. Ya ce bai taɓa samun aiki babba kamarsa ba, kada in kuskura in ba shi kunya. Ni da ko gaisuwa da ƙyar take fita daga bakina, da me zan ba shi kunyar?

Mai Labule ya kafe 'yarsa ce za ta yi magana a tallar. Na sa mata suna 'Yar Lele, a raina. Ta girme ni da kamar shekara uku. Layi huɗu kacal aka rubuta mata, amma sau goma sha bakwai aka ɗauka, na ƙirga. In ba ta yi dariya ba ta manta, in ba ta manta ba ta tsaya gyaran gira. Ni tun a na biyar na haddace. Hannuna ya yi tsami. Ba wanda ya ce sannu.

Talata, 4 ga Maris

Aikin jiya ya lalace. Hoton ya yi kyau, amma ba a jin komai sai ƙarar injin mai waldan da ke jikin shagon. Bakin 'Yar Lele na motsi, ƙarfe na kuka. Yaya ya kira ta ta zo a sake ɗaukar muryar kawai, ta ce ita ta gama nata, ta gaji.

Laifina ne. Ina wanke-wanke ina kwaikwayonta don haushi, har da karya wuya: "Labulenmu ba ya kodewa, ba ya jin wanki." Ban san Yaya yana bayana ba. Sai na ji: "Auta! Sake faɗa."

Na ce ban ce komai ba.

Laraba, 5 ga Maris

Ya sa ni a kabad ɗin kayan Umma. Da gaske. Wai tufafi suna shanye amsa-kuwwa, murya ta fita tas. Ya ture zannuwa gefe, ya ba ni wayar, ya rufe ƙofa. Duhu, zafi, ƙamshin kafur. Ina kallon bakin 'Yar Lele a wayar ina bin sa, in ta buɗe in buɗe, in ta ja numfashi in ja.

Abin mamaki, a cikin kabad ban ji tsoro ba. Ba ido ko ɗaya. Sau uku na yi ya ce ya isa. Da ya buɗe ƙofa sai ya tsaya yana kallona kamar yau ya fara ganina. Umma na daga falo tana cewa, "A fito mini daga cikin kaya, kada a yi mini gumi a kai."

Na sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Ni na ce. Bari in rubuta a nan don kada in manta ni na ce.

Asabar, 8 ga Maris

Bidiyon ya fita, kuma ya zaga. Maƙwabciyarmu ta shigo da wayarta tana nuna wa Umma. "Ji muryar yarinyar nan, kamar ta gidan rediyo! Ga kyau ga baki." Sai ta juyo gare ni: "Auta, ki koya mana. Ke kullum kamar an ɗinke miki baki."

In koya. In koya a wurin wa?

Umma ta yi murmushi ta ci gaba da ninke kaya. Na shige ɗaki. Na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin bidiyon, har guda sittin da ɗaya. Fiye da rabi kan muryar ne. 'Yar Lele kuma tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana rubuta "na gode". Na gode! Ita da ta gaji.

Lahadi, 9 ga Maris

Na san ni na ce kada a faɗa. Ba sai an tuna mini ba.

Talata, 11 ga Maris

Wata sabuwa. Lambar wayar da na karanta a ƙarshen tallar ba ta shagon ba ce. Yaya a jikin allon shagon ya kwafo ta, bai tambayi kowa ba. Ashe mai waldan ne ya ƙera allon, ya rubuta tasa lambar a ƙasa. Kwana uku ke nan mata suna kiransa suna tambayar labule mai fure. Yaya ya ce mutumin ya zo har ƙofar shago da tabarau ɗin walda a goshi yana ihu: "Ni na yi kama da mai labule? Wata har kala ta ce in zaɓar mata!"

Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Yaya bai yi ba.

Laraba, 12 ga Maris

Ya ce in koma kabad in karanta sabuwar lambar. Na ce ba zan shiga ba sai an faɗa wa Mai Labule muryar wa ce.

"Ba ke kika sa ni rantsuwa ba?"

Na ce na janye.

Ya fara lallashi, Autar Umma kaza, ƙanwata ta kaina kaza. Da ya ga ban motsa ba sai ya koma faɗa. Wai in mutumin ya ji ba muryar 'yarsa ba ce zai sauke bidiyon, ya kuma gaya wa duk masu shagunan layin cewa shi maƙaryaci ne. Wai murya ai iska ce, me zan yi da ita? To in iska ce ya je ya ɗauko ta a waje mana.

Wannan a zuci na faɗa.

Juma'a, 14 ga Maris



Mai Labule ya ce wannan karon a gabansa za a ɗauka, shi ba ya son wani kuskure. Ya roƙi mai walda ya kashe inji na rabin awa. Aka ba ni kwalina na riƙe. 'Yar Lele ta karanta lambar, muryarta siririya, tana haɗiye ƙarshen kalma. Uban ya ɓata fuska. "Ke, yi irin muryar nan taki ta bidiyo mana." Ta sake. Ta kuma sake. Idonta ya ciko, sai na ji ta ɗan ba ni tausayi, kaɗan dai.

Yaya ya share gumi ya ce, "Ai Baba, inji ne. In na kai gida akwai injin da nake sa wa ya gyara murya."

Inji. Da farko ni 'Yar Lele ce, yanzu kuma na koma inji.

Ban san lokacin da maganar ta fita daga bakina ba. "Ba inji ba ne. Ni ce."

Mai Labule ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Au, dama wannan tana magana?" Ya miƙo mini takardar. "To bismilla, 'yata, mu ji."

Na buɗe baki, babu komai. Ido takwas a kaina, har da na mai walda da ya leƙo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai 'Yar Lele ta kamo hannuna, ta tura ni bayan wani labule mai kauri da ke rataye, ta ja shi ta rufe. A hankali ta ce, "Yi a nan. Ni ma na gaji da na gode ɗin nan."

Na karanta duka, layi huɗun da lambar, ban yi tuntuɓe ba.

Mai Labule ya wanke Yaya tas, a gaban kowa. Ya ce da ya faɗa masa gaskiya tun farko da ba abin da zai faru. Amma bai sauke bidiyon ba. Ya ce a sake sabo: 'yarsa ta nuna labule bakinta a rufe, mai murya ta yi magana, a kuma rubuta ko wace ce. A hanyar gida Yaya ya yi gaba abinsa ya bar ni a baya. Ni ma ban ba shi haƙuri ba. Ai shi ya ce inji.

Litinin, 17 ga Maris

An sake ɗauka yau. Yaya ya nuna mini ƙarshen: "Murya: Auta." Ƙanana ya rubuta shi, sai mutum ya matso da wayar kusa da hanci. Na ce ya ƙara girma, ya ce na cika fitina, na ce na ji, ya ƙara dai. Ya ƙara.

Kwalin ma mai walda ne ya riƙe, da kansa ya nema, kuma ya riƙe shi a karkace. Sai da na gaya masa sau biyu.

Har yanzu a bayan labule na karanta, kada wani ya ɗauka wani abu. Sai dai 'Yar Lele ba ta ja shi da kyau ba, ya rage kamar faɗin tafin hannu a buɗe, ina hango Mai Labule da wasu mata biyu da suka shigo saye suka tsaya saurare. Na gani sarai. Takarda ce a hannuna, shi ya sa ban gyara ba.