Tsamiyar Bayan Dangar Baffa

Gadarif, lokacin yankan dawa

Zuwa ga Jummare, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan baƙar ƙasar Mafaza, inuwata, malamata tun kafin a ba ki alli, mai dariyar da ke sa in manta abin da ya kawo ni!

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ya kasa zama wuri ɗaya tun hantsi. In kika ga rubutun nan yana hawa yana sauka, kada ki ɗauko jan alƙalaminki na gyaran aikin yara, zumuɗi ne. Jummare! Kawu Haladu ya dawo! Kin san ni na tura shi wajen mahaifinki, Baffa Rufa'i, ya nema mini aurenki. Yau ya sauko daga lorin Mafaza, ya same ni a kasuwar hatsi tsakanin buhunan dawa, ya zauna ya yi ta kurɓar shayi har kofi ya huce a hannunsa, ni kuwa raina kamar ya fita. Sannan ya zura hannu a aljihun jallabiyarsa ya fito da tsamiya ya ɗora mini a tafi. Ina ganinta na san daga wace bishiya ta fito. Zan faɗa miki amsar Baffa, amma sai kin haƙura na ja ki baya tukuna, don amsar can ta samo tushe, kuma kin san ni ban iya gajeren zance ba.

Kin tuna gidanku lokacin muna makarantar allo? Duk unguwa kowa ya dasa abinsa, wannan lemun tsami, wancan dogon yaro, Inna, mahaifiyata, ma tana da zogalenta. Gidan Baffa kaɗai ne fetal, bukkar ciyawa da dangar kara, rana tana dukan tsakar gida yadda ta ga dama. Mu yara mun san dalili, don ya sha faɗa mana: ya baro Haɗeja da ƙafa yana saurayi da niyyar Makka, ya tsaya Mafaza don ya yi damina guda ya tara guzuri, kuma har gobe shi matafiyi ne, bai sauka ba. Shi ya sa bai yarda ya yi ginin ƙasa ba, bai yarda ya dasa bishiya ba. Akwatinsa a ɗaure yake da igiya a gefen gado, sandarsa ta tafiya a jingine a bakin ƙofa. Gemu ya yi fari, 'ya'ya sun girma, daminar nan guda ba ta ƙare ba.

Ke kuwa, autar gida, kika gaji da daka a rana. Wata ranar Alhamis, ba karatu, muna tsotsar tsamiya muna yatsine fuska, sai na ga kin ƙi tofar da ƙwallon. Kika zagaya bayan danga, ta waje, kika tona da yatsa kika binne shi. Hujjarki ita ce nan ba cikin gidan Baffa ba ne, don haka ba ki karya masa doka ba, inuwa kuwa ba ruwanta da danga, za ta tsallako da kanta. Wa ya koya miki wannan wayo, ke da ko haƙori ba ki fara famfara ba? Kuma nan take kika naɗa ni sarkin gadi ba tare da kin tambaye ni ko ina so ba. Ni na saro ƙaya na kewaye wurin saboda awaki. Ni na riƙa ɗauko ruwa daga kogin Rahad a tsohon gwangwanin man tarakta, in rani ya yi kogin ya ƙafe mu tona yashi mu jira ruwan ya taru. Ke kina tsaye hannu a ƙugu kina cewa na zuba da yawa. Tun ranar nake yi miki aiki, ya rabin raina, kuma ban taɓa neman hutu ba!

A shekarun nan ne taraktoci suka cika ƙasar. Wayyo, ƙarar nan! Da mun ji ta daga nesa sai mu watsar da alluna mu ruga, mu tsaya baki buɗe muna kallon ƙarfe yana keta baƙar laka, gonar da ido ba ya ganin ƙarshenta ta kwanta kafin la'asar. Na rantse miki sai na zama direban tarakta. Kika dube ni sama da ƙasa kika tuna mini cewa jakin Inna ma ya kayar da ni a kan hanyar kasuwa. Na yi fushi na yi kwanaki ban yi miki magana ba, amma ruwan tsamiya ban fasa kaiwa ba.

Sai makaranta ta raba mu. Aka kai ni ta tsakiya a nan Gadarif, ta kwana, inda na fara sanin mene ne kewa. Wake da safe, wake da rana, ga yaran birni suna kwaikwayon Larabcina suna dariya, ga malamin lissafi da bulalarsa ba ta gajiya. Da damina hanya ta mutu, laka ta riƙe lori har wuya, ba mai zuwa ba mai tafiya, sai in hau tudun bayan makaranta in dubi yamma in riƙa tambayar kaina: shin ta tuna ta gyara ƙayar nan? Shin akuyar gidan liman ba ta cinye mana ita ba? Ƙarya nake yi wa kaina, ba bishiyar nake tunani ba. In an ba da hutu kuwa ba gida nake fara zuwa ba, sai gonakin Doka, yankan riɗi tare da leburori, mu yanka mu ɗaure mu tsayar da dammuna, rana na gasa ƙeya, hannu duk kanta. Ina yi ina lissafin cewa kowane dami yana matso da ni Mafaza.

Kuma duk dawowa, kafin in gaida Inna, sai na je na gwada tsawo da ita. Da farko ina kallonta daga sama. Wata shekara ta kamo gwiwata, wata ta kamo kafaɗata. Shekarar da na shiga sakandare na dawo da wando dogo da takalmi sawu-ciki ina taƙama, na tarar ta wuce ni, ke ma kin daina fitowa ba mayafi. Ranar kika gaishe ni idonki a ƙasa, ni kuwa na tsaya ina yi wa bishiya tambayar lafiyar gida. Kin yi dariya a cikin mayafinki, na ji ki sarai. Tun daga ranar na san ciwona, na kuma san ba boka ba likita.

Ke ma ba ki zauna ba. Kika gama makarantar 'yan mata, kika wuce ta horon malamai, kika dawo yara na kiranki Ustaza, tsofaffi na kawo miki takarda ki karanta musu. Ni kuma Allah ya kai ni kwalejin noma a Khartum. Na ga inda koguna biyu suka haɗu, na ga gada, na ga fitilu, na ci agashe, gasasshen naman nan, a hannun mutanenmu a kasuwa har na ji kamar ina gida. Abokaina suna nuna mini 'yan matan birni, ni kuwa ina auna su da ke suna faɗuwa tun kafin su buɗe baki. Wata rana a aji malami yana bayanin itatuwa, ya ce tsamiya ba ta mai gaggawa ba ce, sai an yi shekaru ana wahala da ita kafin ta ba da ko ɗa ɗaya. Na fashe da dariya ni kaɗai har aka juyo ana kallona. Ina zan fara yi musu bayani cewa na san wata yarinya da ta san haka tun ba ta iya ɗaura zane ba, kuma ta dasa?

To ga shi na gama, ga takardar shaida a hannu, an ba ni aikin malamin gona a manyan gonakin Doka. Taraktar ban iya tuƙa ta ba har yau, ki yi dariyarki. Ina cikin murna sai labari ya iso ni cewa Baffa ya kwance igiyar akwatinsa ya sake sabuwa, ya sayar da awaki, yayyenki da ke Jidda sun aiko ya taho, da an gama yankan dawa zai kama hanyar Bur Sudan ya hau jirgin ruwa. Duk Mafaza ta ɗauka wasa ne, kamar kowace shekara. Da aka ce mini ke kika ɗinka masa jakar guzuri, sai na gane da ke za a tafi. Idonsa ya yi rauni, ke ce auta, ke za ki riƙe masa hannu, kuma wa ya isa ya ce kada ki riƙe? Amma Jummare, ki duba ki gani: a gidanku wa ya taɓa tsallaka tekun nan ya dawo? Yayyenki sun tafi da sunan wata biyu, yanzu 'ya'yansu ba sa jin Hausa. Baffa kansa bai ɓoye ba, can yake so a binne shi. In kika tafi haka, ba abin da ya ɗaure ki a nan, me zai dawo da ke? Tsoro nake ji, ƙaunatacciyata, na faɗa ba kunya. Tsoron nan ne ya sa na tasa Kawu Haladu a gaba har sai da ya hau lori.

Yanzu ga amsar. Kawu ya ce sun zauna, sun gaisa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Baffa ya saurare shi har ƙarshe. Sai tsohon ya miƙe ya ɗauki sandar nan, sandar Makka da ko kare ba a yarda a kora da ita ba, ya lallaba ya zagaya bayan danga, ya ɗaga ta ya kaɗo tsamiya, ya sa Kawu ya tsince. Ya ce shi baƙo ne a garin nan, bai dasa komai ba, ba shi da abin da zai bayar ko ya hana. Amma 'yarsa ta dasa, kuma yana kallonta ta kafar danga ranar da ta tona ramin, yana kuma kallon ɗan Inna yana zubar da rabin ruwan a hanya. Ya ce shekara da shekaru a inuwarta yake karatunsa na yamma, a matsayin baƙon 'yarsa. Don haka a je a tambayi mai bishiya. In ta amince, a ƙarƙashinta za a shafa fatiha kafin ya tashi.

Ya sani, Jummare! Tun ranar farko ya sani! Mu muna ta sanɗa muna raɗa, muna ɓoye gwangwani a bayan rumbu, ashe tsohon yana kallonmu yana danne dariya! Da Kawu ya gama ba ni labari na rasa inda zan sa kaina, na rungumi wani ɗan dako da ban taɓa gani ba, shi ma bai tambayi dalili ba ya ce mabruk, wato barka.

Don haka gare ki na zo, mai bishiya, hasken safiyata, zumar da ba ta gundura. Ban ce ki bar Baffa ba. Allah ya kiyaye in raba tsoho da abin da ya kwana yana mafarki tun kafin a haife mu. Ki riƙe hannunsa ki kai shi, ki nuna masa Ɗakin Allah, ki zama idonsa a wajen ɗawafi, ki damƙa shi ga yayyenki. Ni da kaina zan ɗauki akwatin nan a ka har bakin jirgi. Roƙona guda ne: ki tafi kina matata, ki dawo. Ki zama ta farko a gidanku da ta tsallaka tekun tana da inda za ta komo. Shehun gari, wato mai garinmu, ya ba ni filin da ke bayan dangarku. Kafin ki dawo zan yi gini na ƙasa, mai ƙofa da taga, mai katanga da ba a naɗe ta a ɗora wa jaki, kuma katangar za ta zagayo tsamiyar ta sa ta a tsakar gida. Ta gaji da zaman waje. Ki ci gaba da koyar da yaranki, ni in riƙa zirga-zirga tsakanin Doka da Mafaza, in laka ta riƙe lori in sauka in tako da ƙafa. In kin ce na zuba ruwa da yawa, zan ce gaskiyarki, kamar yadda na saba.

In kuwa zuciyarki tana can, in ke ma matafiyiya ce ban sani ba, ba zan riƙe miki mayafi ba. Zan ci gaba da ba ta ruwa, in gaya wa duk yaron da ya tsinki ɗanta sunan wadda ta dasa. Amma kada ki tambaye ni yadda zan yi da raina, don ban sani ba.

Tsamiyar da Baffa ya aiko na tsotse ta tas, tsaminta har cikin kunne, ban taɓa ɗanɗana abin da ya kai ta daɗi ba. Ki girgiza takardar nan a hankali, ƙwallo ɗaya zai faɗo miki a cinya. Na san ki da kunya, ba zan sa ki furta komai a gaban Kawu da Baffa ba. In kin amince, ki yi masa yadda kika yi wa na farko. Ina tafe a lorin Juma'a in Allah ya yarda. In na sauka ba zan leƙa gidanku ba, ba zan nemi fuskarki ba, duk da ita nake kwana ina gani. Bayan danga zan zagaya kai tsaye, in durƙusa in duba ƙasa kusa da uwar bishiyar. Rani ne, ko'ina a bushe yake ya tsattsage. Wuri ɗaya kawai nake nema, ɗan ƙarami kamar tafin hannu, mai danshi.

Naki tun ranar da kika naɗa ni, kuma naki har ranar da za a kwantar da ni a baƙar ƙasar nan,

Mai gadin tsamiyarki,
Mijinyawa