Hawayen Inna a Majigi

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda 'ya ke yi wa uwa a durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa. Inna, kin daɗe da tafiya, ni ma yanzu sai na dafa bango nake tashi. Amma wata magana ta ɗaure mini kai, kuma ban ga mai kwance ta ba sai ke.

Jikata Hafsatu ta gama makaranta, ta ce ita fim za ta shiga a Kano. Ubanta kuwa sai ya ɗora mini maganar. Wai tunda ni na ga abin da wasan kwaikwayo ya yi wa uwata, ni zan yanke, kuma ran Juma'a za su zo jin amsa. To me na gani, Inna? Kwana uku ke nan ina juya abin, na rasa gabansa balle bayansa.

Ina 'yar shekara bakwai lokacin, Turawa ba su tafi ba. Baba, wanda shi ne duba-gari a Kazaure, ya rasu, kin fita takaba, kina riƙe da mu da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Har daga Roni ake aikowa sayen manki, don kowa ya san gidan duba-gari ko ƙuda sai ya yi sallama.

Sai masu majigi suka zo neman macen da za ta fito a wasan koyar da tsafta. Matan gari duk suka noƙe. Ke kika ce za ki yi. Kawu ya yi faɗa har ya gaji. Aka tafi da ke wani ƙauye wajen Gwiwa, kwana huɗu, kika dawo ba ki ce da kowa komai ba.

Bayan damina motar majigi ta iso, aka kafa farin ƙyalle a filin kasuwa ana idar da magariba. Mata biyu ne a wasan, mai tsafta da ƙazama. Ina ta baza ido in ga uwata ta fito fes, sai ga ki da zane duk dauɗa, kina ɗibar ruwan kududdufi kina ɗura wa jariri. Mai bayani da lasifika yana cewa jama'a su dubi sakarya. Jaririn ya mutu. Kika rungume shi kika yi wani irin kuka, babu sauti, sai baki da kafaɗu ke motsi. Ko ranar da aka fita da Baba ban ga kin yi irinsa ba.

Na juyo, ga ki zaune kusa da ni kina ɓare gyaɗa, ga ki kuma can a jikin ƙyalle. Na tambaye ki ɗan wa ye. Kika ce mai ran na aro ne, gawar kuwa gora ne aka naɗe a zane aka sa mata hula.

Washegari ba wanda ya aiko sayen mai. Mako ya zagayo, tulun mai na nan yadda yake. Matan da suka shekara suna shan ruwan randarki suka ce su dai gani ya kori ji. Suka sa miki suna Ta Majigi. Ƙawayena suka daina sa hannu a kwanona. Na ji haushinki sosai a lokacin, ban taɓa gaya miki ba.

Ke kuwa sai kika kife kaskon suya kika koma dafa sabulun salo. Ran kasuwar Babura kika shimfiɗa tabarma kina ɗaga murya: "Ku saya, kar ku zama ni!" Mutane na dariya suna saye, har na tsallaken iyaka. Da sabulun nan kika sayi gona, da shi kika yi mini kayan ɗaki. Kika shiga ajin yaƙi da jahilci, da yatsunki da ruwan toka ya cinye, kika koyi boko, kika rubuta ɗan littafi a kan renon jarirai, aka buga shi a Zariya. A bangonsa ba ki sa sunanki na yanka ba, Ta Majigi kika sa. Alfahari ne wannan, ko huce haushi? Har yau ban gane ba.

Idan maƙwabta suka tsokane ki, sai ki ce: "Wasa ne, ai ko hawayen na albasa ne." Amma wata rana kina tuƙa sabulu, ni kaɗai ce a wurin, kika ce: "Duk mai cewa wasa ne, ba shi ya riƙe zanen ba." Wacce ce maganarki ta gaskiya, Inna? Wacce zan kai wa Hafsatu?

Ranar zaman makokinki wata tsohuwa ta zo daga Roni, ta kama hannuna. Ta ce tun ranar da ta ga kukanki ta fara rufe randa tana tafasa ruwan jarirai, kuma 'ya'yanta duk sun rayu. Na gane ta. Tana cikin waɗanda suka fara daina sayen manki, kuma har kika bar duniya ba ta sake ci daga hannunki ba. Na rasa ko godiya zan yi mata ko in janye hannuna.

Bayan arba'in na buɗe adakarki. A can ƙasa, ƙarƙashin littafin, na sami 'yar hular saƙa wadda ba ta fi tafin hannuna ba. Na san ta, ita ce a kan goran nan. Goggo, ƙanwarki, ta karɓa ta juya ta, sai ta fashe da kuka. A ranar na fara jin cewa ina da wa, Sani, wanda gudawa ta ɗauke yana wata biyar, kafin a haife ni. Goggo ta ce ke kika saƙa masa hular, kuma ba masu majigi ne suka nema ba, ke kika tafi da ita Gwiwa a ƙulle a bakin zane.

Haba Inna. Gari guda yana miki dariya, ni ina jin kunyarki, ashe makokin ɗanki kike yi a gabanmu. Kuma kika zauna kusa da ni kina ɓare gyaɗa.

Shekaranjiya na ce a raina ba za ta je ba, don na san ɗacin cin tuwo ni kaɗai. Jiya na tuna 'ya'yan tsohuwar Roni, na ce ta je. Yau da safe Hafsatu ta zo gaishe ni, na gan ta tana kwaikwayon tafiyata a tsakar gida, yara suna ta faɗuwa don dariya, kafaɗunta sak naki. Na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Ga abin da zan iya. Ran Juma'a zan ɗora mata hular a tafin hannu, in ba ta labarin duka, har da tulun man da ba a saya ba. Idan ta ji ta ce har yanzu tana so, zan sa mata albarka ta tafi. Ban sani ba ko daidai ne. In kuskure ne, Innata, ke kika fara.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Baba da Yaya Sani a Aljanna, inda za ki rungume shi da ransa. Ya yafe mini kunyarki da na ji. Ya tsare Hafsatu daga bakin mutane, in kuma bai tsare ta ba, Ya ba ta irin zuciyarki. Amin.

Taki har kullum,
'Yar Ta Majigi, daga Kazaure