Ƙofar da Ke Gefen Mumbari

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Yaya ƙafar? Ina fata jikokinki suna barin ki ki runtsa da rana.

Bikin cikar majami'armu shekara saba'in ya matso, kuma Fasto ya ba ni aikin da raina ke so. Ni da yarana na makarantar Lahadi za mu yi wasan kwaikwayon tarihin ikilisiya. Da kin ga yadda suke rigima a kan wanda zai fito a matsayin Kaka, babanku. Kowa so yake ya kafa sanda a ƙasa ya ce, "A nan za mu gina." Ɗan mai kiɗa har ya haɗa gemu da auduga.

Sai dai ga wani abu. Magini yana kankare tsohon yaɓe don a yi fenti, sai ga ƙofa a bangon hagu, gefen mumbari, an toshe ta da tubali. Kusa da ita akwai 'yar taga, hannu kaɗai zai iya shiga. Na tambayi dattawan ikilisiya, kowa ya kama duba agogonsa. Ke kaɗai kika rage cikin 'ya'yan Kaka. Ƙofar mece ce?

Ki huta lafiya.
'Yar ƙaninki, takwarar Innarku.

*

Uwata,

Na ga takardarki. Ƙafa da sauƙi, bakin ne dai ba ya hutawa, in ji surukata.

Ƙofa kuwa, ƙofa ce. Ki ce wa magini ya mayar da yaɓensa ya kama gabansa. Yara su yi waƙa, ta wadatar. Tun kina ƙarama kike da bin diddigi.

Ubangiji ya tsare.
Goggonki.

*

Goggo,

Gaisuwa da ladabi. Ki yi haƙuri, ban bi maganarki ba.

Na je wurin tsohon tela, wanda idonsa ya tafi. Ban gama tambaya ba ya ce, "Malama, ai kutare ne suka gina majami'ar nan." Ya ce a hayin rafi suke zaune, su suka buga tubalin da abin da ya rage musu na hannu. Kaka daga baya ya zo, don shi ya iya karatu, yana karanta musu Littafi. Da mutanen gari suka fara shigowa, sai aka ware wa kutaren ƙofar gefe. Da aka ƙara yawa, aka toshe ta. A waje suke tsayawa su yi sujada, rana ko ruwa, a miƙa musu ƙoƙon Jibin Ubangiji ta tagar nan. Na ce wa ya toshe? Ya ce, "Kakanki, da hannunsa."

Goggo, a gindin bangon nan nake tara yara ina koya musu yadda Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu. Dattawa sun ce a shafe wurin kafin biki. In aka shafe, yaran nan za su tsaya gaban jama'a su faɗi ƙarya da bakina. Don Allah ki ce mini tela ya rikice.

Takwarar Innarku.

*

Uwata,

Ina gaishe ki. Tela bai rikice ba, bai dai kai ƙarshe ba.

An gaya muku Inna ta rasu wajen haihuwar babanki. Ba ta rasu ba, sai da na yi aure. Tabon kuturta ne ya fito mata a kumatu, aka kai ta hayin rafi. A shekarar ne dattawa suka ce wa Baba ko dai a toshe ƙofa, ko su kwashe iyalansu. Ya toshe, matarsa tana waje tana kallo. Tagar ita ce abin da ya roƙa aka bar masa.

Duk ranar Jibi shi yake miƙa ƙoƙon. Ni kuwa ina riƙe da wandonsa, kaina bai kai tagar ba. Hannaye su yi ta shigowa, ni kuma in yi ta jira. Nata na gane shi da wani zare ja da ta ɗaura don ni. In ta mayar da ƙoƙon sai ta ɗan bar hannun a wurin, ba ta taɓa ni, ni ma an hana ni. Fuskar uwata ta ɓace mini, hannunta ne na sani.

Kada ki zage shi, kada kuma ki wanke shi. Bai sake aure ba. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Goggonki.

*

Goggo,

Gaisuwa, da neman gafara. Na karanta wa Fasto da dattawa takardarki ba da izininki ba. Ba wanda ya duba agogo. Babban dattijo ya cire tabarau ya ce shi ma yayar babansa tana cikin masu tsayawa a waje, kuma bai taɓa faɗa wa ko matarsa ba.

Magini ya fara cire tubalin. Ɗan mai kiɗa ya ce, "Malama, gemuna fa?" Na ce ya riƙe abinsa, Kaka na nan a wasan, sai dai yanzu tubali zai ɗauka maimakon sanda. 'Yan matan kuma duk sun zo da zare ja.

Abin da ba a yanke ba shi ne wanda zai fara shiga ta ƙofar.

Takwarar Innarku.

*

Uwata,

Ina zuwa, ko da ɗaukata za a yi. Kada a taɓa tagar. Zan fara tsayawa a waje in ga abin da Inna take gani. Sannan ki kama hannuna mu shiga tare, tunda sunanta na kanki.

Goggonki.