Na Ji Kiran Baba Ilu

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da yara. Ya zaman Fatakwal? Mu nan Birnin Kudu lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ka san tun bara nake fama in gama gudun kilomita ashirin da ɗaya a ƙasa da awa biyu. Ranar Asabar na samu, amma ba daɗi. A hanyar Kangire na tarar babur ya kayar da Baba Ilu, aminin mahaifinmu, da buhun dawarsa. Ya kira ni har sau biyu. Na dubi agogo, na sunkuyar da kai na wuce.

Da la'asar ya zo gaida Inna yana ɗingishi. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, Habibu akwai gudu, ko kirana bai ji ba."

Yaya, wallahi na ji shi. Gobe zan je gidansa in faɗa masa gaskiya. Ka taya ni da addu'a kada bakina ya yi nauyi. A gaida mutanen gida.

Ƙaninka,
Habibu