Katakon Ƙofar Kicin

Baban Jemima,

Na jira ka har ƙarfe tara ba ka dawo daga kasuwa ba. Mun tafi allurar rigakafi kafin layi ya yi tsawo. Kununka yana cikin fulas.

Katakon da ka huda jiya don akwatin sifikar motarka, ai shi nake tare ƙofar kicin da shi saboda Jemima. Ka mayar da shi wurinsa, amma da ƙaton rami a tsakiya. Ɗazu ina dama kunu, juyawar da zan yi sai ga ta ta rarrafo ta ramin, hannunta dab da risho. Allah ya sa na cafke ta. Ba ta ƙone ba, kada hankalinka ya tashi. Ita dariya ma take yi.

Ban hana ka aikinka ba. Na san direbobin a-kori-kura na Nukkai sun ishe ka da tsiya, wai motarka bebiya ce. Ramin ma ya fita da kyau, katakon ya zama naka. Amma kafin ka taɓa mota, ka ciro tsohuwar ƙofar kejin kaji a bayan ɗaki, ka wanke ta, ka buga a bakin kicin. Ƙusa da guduma suna kan taga.

Kada ka wahalar da kanka neman sifikar. Tana cikin jakata tare da kayan yarinya, ga nauyin tsiya. In na dawo na tarar da ƙofar a tare, yau ɗin nan za ka ji kiɗanka.

Ƙauna