A Cikin Rigar Baba

Tahoua, Disamba 1984

Ƙanena Sidi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da motarka. Albishirinka: Safi ta sauka, mace! Sai dai ɗiyarka ta yi gaggawa, bakwaini ce, tafin hannuna biyu sun ɗauke ta har da saura. An sallame mu daga asibiti da kashedi: kada sanyi ya taɓa ta, kada ƴan barka su yi ta karɓar ta. Ba ta iya kama nono ba, sai Safi ta tatsa, ni kuma in ɗiga mata da ƙaramin cokalin da nake tafasawa. Wanzami ya zo cire beli, tun daga zaure na mayar da shi.

Bakwai ta wuce ba a raɗa suna ba, kai muke jira. Ka aiko da shi maza.

Yayarka, Hajaratu

Agadez, Disamba 1984

Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, saƙonki ya same ni. Allah ya ba Safi lafiya. Aiki ya yi yawa, hatsin agaji muke kaiwa arewa, sojojin da ke raka mu kuwa ba su ba kowa hutu. Na aiko bargo da sukari. Maganar suna, a dakata tukuna. A gaida Baba.

Sidi

Tahoua, Janairu 1985

Sidi,

Ina gaishe ka, ko da yake haushinka nake ji. Ka gaida kowa ban da ɗiyarka. Sukari za ta sha?

Bari ka ji labari. Ran Talata Safi tana wankan jego, na duba yarinya na iske ta yi sanyi ƙalau, leɓenta ya canja launi. Na fasa kuka. Baba, wanda tun da fari ya cinye shanunsa bai tashi daga gindin katanga ba, sai ga shi cikin ɗaki. Ya karɓe ta, ya cusa ta cikin rigarsa, fata da fata, ya ce, “Haka nika yi ma ɗan tunkiya in an haihe shi cikin ɗari.” Can sai muka ji ɗan kuka daga cikin riga. Ban taɓa jin daɗin kuka irin na ranar ba.

Ungozoma ta ce a ci gaba da haka. Yanzu shi da Safi ke karɓa-karɓa. Ya daina shaƙar taba, yana wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, abokansa na yi masa tsiya wai ya yi ciki da tsufa. Ko a jikinsa.

Maƙwabta na kiran ta Bakwaini, ina jin kunya. Me ke damunka? Ka huta lafiya.

Hajaratu

Agadez, Janairu 1985

Yaya,

Ina gaishe ki, ki yi mini haƙuri. Tsoro nake ji. Kin san ɗiyarmu ta fari sunan marigayiya Inna na sa mata, ba ta yi wata biyu ba na kai ta makabarta da hannuna. Wannan ma sunan Inna nake so, babu wani a zuciyata. Amma ba zan iya binne sunan nan sau uku ba. In ta yi ƙwari ki gaya mini. Kada Safi ta ji wannan.

Ƙanenki, Sidi

Tahoua, Fabrairu 1985

Sidina,

Gaisuwa a tsaitsaye. Ta kama nono! Safi ta yi ta dariya tana hawaye, ni kuwa na rangaɗa guɗa har akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. An auna ta, ta ƙaru. Ba zan yi maka ƙarya in ce ta fita daga hatsari ba, har yanzu tari kaɗan sai ya tsayar mana da zuciya.

Ga wani abu. Jiya na kawo wa Baba fura, na iske shi ya sunkuyar da kai cikin wuyan rigarsa yana cewa, “Zalika, tashi ki sha, rana ta yi.” Ka yafe mini rubuta sunan Inna. Tun tasowarmu ka taɓa jin sa a bakin Baba? Na ce, “Baba, ai Sidi bai yanke ba.” Ya ce, “Tun ranar da ta sanyaya nika kiran ta hakanan. Wanda ba shi da suna, da mi za a kira shi ya dawo?”

Amsar tana wajenka. Kai ka ba shi.

Yayarka, Hajaratu

Agadez, Fabrairu 1985

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Na ajiye makullin mota, na ce da mai gida ya nemi wani direba. A gaya wa liman, suna Juma'a mai zuwa. Ki ce wa Baba ina da riga mai faɗi, ya koya mini yadda ake riƙe ta.

Sidi, baban Zalika